Kunun Bakin Ƙofa

Lang Mia, 17 ga watan bakwai, shekarar Damisa

Ƙanwata Gam,

Gaisuwa mai yawa daga ni da dukan mutanen gida. Ina fata kina lafiya, ƙafar nan taki ta daina kumbura, sanyin dutse kuma bai shiga ƙashinki ba. Ina labarin ɗana Luu? Ki gaishe shi, ki ce kawunsa ya ce ya isa aure. Mu nan lafiya, sai gwiwata ta hagu da ke sanar da ni ruwa tun kafin hadari ya haɗu.

To, ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba. Kin zama kaka! Nhai matar ɗana Dinh ta sauka lafiya ranar uku ga wata da hantsi, namiji. Ina cikin gona ruwa har gwiwa aka ƙwala mini kira, na fito a guje na bar malafata tana yawo a kan ruwa, har yau ban koma nemanta ba.

Ba zan yabe shi ba. Kin san watan da muke ciki, fatalwu masu yawo sun fito, kunnuwansu a buɗe. Don haka ina gaya miki mummuna ne. Kumatu sun yi masa yawa, gashi cunkus kamar ɗan wata uku, yatsu dogaye na banza, idan ya damƙi yatsana kuma ba ya saki. Ɓera muke kiransa. Sunansa na gaskiya ni na zaɓa, ni na rubuta shi da hannuna a takardar haihuwa, amma ba zan sa shi a wasiƙar nan ba sai wata ya fita, kada wani ya leƙo ta kafaɗata ya karanta. Dinh ya ce ko fatalwa ta leƙo ba za ta gane rubutuna ba, wai kamar kaza ta bi ta kan laka. Na ce masa kazar nan tana da shekara talatin da takwas ta shiga ajin yaƙi da jahilci, bayan ta wuni a bayan ɓauna, kuma ita ta saya masa littafinsa na farko. Ya ci gaba da fifita wa ɗansa.

Shekaranjiya muka yi sadakar tsakiyar wata. Bana na yi ta da kyau saboda yaron. Na rataye reshen ƙaya a ƙofa kada baƙo ya shigo wa mai jego, na fitar da faranti waje: dankali, rake, gugguru, tufafin takarda na ƙonawa. Kunun shinkafa ni na dama da kaina, tsararo, na zuba a ganyen ceɗiya goma sha biyu na kafa a gefen hanya.

Yaran unguwa sun taru tun la'asar, ba su bar ni ba sai da na ba su labarin Mai Ƙofa Tara. Kin san shi, amma bari in rubuta yadda nake ba da shi yanzu, ina gwada hannuna ne, ina so in ajiye wa Ɓera a littafi. Wata mace ta shigo gari a shekarar yunwa, wuyanta kamar tsinke. Ƙofa ta farko suka ce maigida ba ya nan. Ta biyu suka ce sun bayar jiya. Ta uku suka saki kare. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya har ta tara. Mutanen ta tara masu kirki ne, suka ɗaura abinci a dogon gora suka miƙo mata ta saman shinge, fuskarsu a juye. Ta mutu a gindin ceɗiya. Kowace shekara tana dawowa ta bi ƙofofin nan, ana ajiye mata kunu, ba ta sha. A nan yara kan tambaya, me ya sa? Sai in ce, saboda a ƙofa tara ba wanda ya ce mata, baiwar Sama, yaya sunanki?

Tsohon da ke share ɗakin ibada yana cewa maƙogwaronta ya tsuke ne don rowar da ta yi a rayuwar baya. Ni ban yarda ba, malamin ajinmu ma bai yarda ba. Ni da ke mun ga yunwar shekarar Zakara. Mun ga waɗanda suka samu shinkafa mai tauri bayan wata guda ba ci, suka mutu da ita a baki. Maƙogwaro yana rufewa da gaske. Wanda ya fara cewa a dama wa fatalwa kunu tsararo ya taɓa ciyar da mai yunwa da hannunsa.

Yanzu ga abin da ya faru, ki yi dariya ko ki ji tsoro, ni na yi duka biyun. Rana ta yi sanyi, turare ya ci rabi, yara sun yi wawason rake da gugguru sun watse. Na juya zan shiga gida ke nan, ƙafata ɗaya a ciki, sai na ji murya a bayana, a hankali: "Kawu Kwaɗo. Ni ne."

Gam, wa ya rage a duniya da ya san sunan nan? Inna ta tafi. Baba ya bi hanya a shekarar Zakara bai dawo ba. Ke kina can bayan duwatsu. Ko Dinh bai san an taɓa kirana Kwaɗo ba. Kin kuwa san halin masu yawo, kowane gida suka je sai su ƙulla dangantaka, wannan kawu, waccan gwaggo, don dai a waiwayo. Nhai tana leƙe ta taga da jariri a ƙirji, ta ce, "Baba, don girman kakanni, kada ka juya." Ban juya ba. Ya sake kira. Na damƙi gishiri da shinkafa na watsa ta bayan kafaɗata yadda ake yi, na ja ƙofa na ɗaure.

Nhai ta ce ta gan shi sarai. Dogo ne, ramamme, da koriyar rigar soja da ta koɗe, ba takalmi. Gishirin ya same shi a fuska, ya tsaya yana murza ido. Ya daɗe a tsaye. Sannan ya sunkuya ya zare ganyen kunu ɗaya, ya tallabe shi da hannu biyu kada ya zube, ya yi hanyar gonaki. Ta ce yatsu uku ne a hannunsa na dama. Da Dinh ya dawo ya ji, dariya ya yi ta yi. Ya ce fatalwar da gishiri ke shiga idonta ai ɗaya ce daga mabaratan tasha, sun yi yawa bana, wani tsohon ƙauyen nan ne ya tsegunta masa sunana don ya samu shiga. Na taya shi dariya. Ko ma mene ne, gidanmu ya tsira, ba abin da ya shigo.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Jiya da safe na je gaya wa Inna labarin tattaɓa-kunnenta, sai na tarar wani marar kunya ya kafa ganyen kunun masu yawo a kan kabarinta, da karan shinkafa uku a tsaye kamar turare. Kunun marasa kowa, a kan matar da ke da ɗa da jika! Yaran zamani ke nan. Na sa ƙafa na shure shi cikin magudana, na ba ta haƙuri.

Ki rubuto da wuri. Ki zo ki ga mummunan yaron nan kafin ya ƙara muni.

Yayanki,
Thoan

*

Gonar shayi, kan dutse, 1 ga watan bakwai, shekarar Damisa

Yaya Thoan,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Dinh da Nhai. Lokacinta ya kusa, kakanni su sauke ta lafiya. Ƙafata tana nan yadda take. Ruwa ake yi kwana shida ba ɗaukewa, ana cewa dutse yana zubowa a hanya, ban san yaushe wannan takarda za ta same ka ba.

Yaya, akwai abin da zan faɗa, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe. Shekara huɗu ina rubuto maka cewa Luu lafiya, yana aiki. Ƙarya nake yi maka.

Ya dawo daga yaƙin kan iyaka da zazzaɓin daji da yatsu uku a hannun dama, sauran abin da ya baro can kuma ba a ganinsa da ido. Ba ya aiki. Yana zaune gefen murhu tun safe. Bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Shekarar farko maƙwabta sun kawo sukari da ƙwai. Ta biyu suna gaisuwa daga nesa. Yanzu idan sun hango shi sai su tuna sun yi mantuwa a gida. Na yi ta zuwa ofis kan maganar magani, kullum takarda tana hanya. Kunya ta hana ni gaya maka. Kai da kake ba mutane labari ɗan ƙanwarka zai zama direban babbar mota, ina zan fara?

Abu ɗaya yake so, labarin ƙauye. Shekararsa shida muka taso, amma yana tuna yadda ka ɗora shi a kan kututturen ayaba ka koya masa iyo. Sai ya ce, "Mama, sake ba ni na Kawu Kwaɗo da ya faɗa randar miya." Ni na gaya masa sunan, kada ka yi fushi. Shi kaɗai ne abin da ke sa shi dariya.

Yau kwana biyar da ya fita. Ina gona. Bai ɗauki komai ba sai rigar sojansa. Ya gaya wa wata maƙwabciya wai watan matattu ya zo, shekara ashirin da biyar ba wani daga ɓangarenmu da ya kunna wa Kaka turare, shi zai je. Ya san kabarin, na sha kwatanta masa, na uku daga magudana, kusa da fasasshen tulu. Da ƙafa zai zo, ko wani mai mota ya ji tausayinsa. Ni ba zan iya bin sa ba da wannan ƙafa da wannan ruwa.

Ba za ka gane shi ba, Yaya. Ɗan lukutin da ka sani ya ƙare. Idan ya iso, kada ka fara ba shi shinkafa mai tauri, ka dama masa kunu. Magana biyu ko uku yake yi ya tsaya yana jira, sai an tambaye shi yake ci gaba. Ka kama hannunsa kawai ka shigar da shi gida. Na san za ka yi.

Ina saƙa wa jariri hula. Luu ne ya riƙe mini zaren a hannuwansa ina naɗewa, ya ce in yi ta ja.

Ƙanwarka,
Gam

*

Lang Mia, 9 ga watan takwas

Gam,

Ina gaishe ki. Muna lafiya, yaro lafiya. Ban san yadda ake rubuta sauran ba.

Wasiƙarki ta ɗaya ga watan bakwai yau ta iso. Kwana talatin da takwas. Mai kawo wasiƙu ya ce dutse ya toshe hanya wuri uku, buhunan sun kwana a wani shago har aka haƙe. A tsaye na karanta ta a tsakar gida. Da na kai wajen yatsu uku na kira Nhai na ce ta sake faɗa mini wane hannu ta gani. Ta faɗa. Na miƙa mata takardar, ta karanta ta zauna a ƙasa.

Tawa wasiƙar ta riga ta tafi. Na je gidan waya da keke na roƙi a dawo mini da ita, matar da ke aiki a wurin ta dube ni ta ce, Baba, wasiƙar da ta yi sati uku? Idan wannan ta riga waccan zuwa, kada ki buɗe waccan. Ki sa ta a murhu. Idan kuwa kin karanta, ba ni da abin cewa. Ya zo, Gam. Ya iso har ƙofata da ƙafarsa, ya kira ni sau biyu.

Dinh ya ajiye aiki ya hau keke ya tafi tashar mota da kasuwar gunduma. Ni na bi gonaki da bukkokin masu gadi da gindin ceɗiya. Na rubuta takardu takwas, dogo, rigar soja, yatsu uku, sunansa Luu, na liƙa a inda mutane ke wucewa. Wata mai sayar da shayi ta ce ta ga mai kama da shi, amma da na matsa sai ta ce ai duk kamarsu ɗaya, wa yake duban fuskarsu. Na so in yi mata faɗa. Da wane baki?

Yana da ƙafa, ya san hanya, wataƙila ya juyo gida wajenki. Idan ya iso ki aiko ko da layi ɗaya ne. Ba zan daina nema ba.

Thoan

*

Gonar shayi, 12 ga watan takwas

Yaya,

Ina gaisuwa. Ina taya ku murna, kakanni su raya yaro. Na faɗa don ya kamata a faɗa, kuma har zuciyata ne, ko da yake ban san inda zuciyar take ba yanzu.

An buɗe hanya, wasiƙarka ta sha bakwai ga watan jiya ta zo. Ita kaɗai. Na fara karantawa ina dariya, malafa, kaza a laka. Na ce a raina, yanzu zai ce ga Luu nan zaune yana riƙe da jariri. Na yi ta sauri ina neman sunansa.

Na same shi. Ba ka rubuta sunan a wurin ba, amma na same shi.

Na karanta wurin sau nawa ban sani ba. Ka rubuta, "Na taya shi dariya." Ka rubuta, "Gidanmu ya tsira, ba abin da ya shigo." Abu, Yaya? Ina ta tambayar kaina ko ka samu wasiƙata kafin ranar, ka san ko wane ne, ka ga mahaukaci bai dace da gida mai sabon jariri ba, sai ka lulluɓe mini maganar da labarin fatalwa don ka sauƙaƙa mini. Idan haka ne ka faɗa kai tsaye. Maƙwabtana ma haka suka yi, na saba. Amma su ba su koya masa iyo ba.

Ka tuna shekarar Zakara, gidan mai injin casa, da aka watso mana ruwan wanki ta saman ƙofa? Kai ka share mini fuska da rigarka, ka ce idan ka yi gida ba za ka sa masa ƙofa ba. Shekarata goma sha biyu, na yarda.

Na san nawa laifin. Da na faɗa maka gaskiya tun shekara huɗu, da ka ji "Kawu" ka san kawun wa. Ina kwana da wannan ina tashi da shi. Ba sai ka tuna mini ba.

Bai dawo ba. Kullum ina dafa na mutum biyu.

Abu ɗaya nake tambaya, ka amsa mini shi ko ba ka amsa komai ba. Ka ce ya ɗauki ganyen kunu ya tafi. Ya sha? Kwana goma sha tara yana hanya. Ka tambayi Nhai, ka tambayi duk wanda ya gan shi. Ina so in san ko wani abu mai ɗumi ya shiga cikinsa a ƙauyen uwarsa.

Gam

*

Lang Mia, 4 ga watan tara

Ƙanwata Gam,

Ina gaishe ki. Jikinmu lafiya. Ki kira wata maƙwabciya ta zauna kusa da ke kafin ki ci gaba, ko da wadda ke tuna mantuwa ce.

Luu ya rasu ranar ashirin da shida ga watan bakwai, da rana, zazzaɓi ne. Ba shi kaɗai ba ne, akwai hannu a goshinsa. Kwana goma sha uku ke nan kafin wasiƙarki ta farko ta same ni. Ban san ko wane ne ba a ranar, na rantse da kabarin Inna. Ba na faɗa don in wanke kaina. Wanda bai sani ba tambaya yake yi, ni kuwa ban yi ba.

Duk nemanmu ta wajen hanyar mota muka yi. Ashe yana mashigin kogi, tafiyar da ba ta kai shan lofe biyu ba daga gidana. Kin tuna mutanen kwalekwale, waɗanda Inna ke hana mu wasa da 'ya'yansu? Har yau haka muke. Mu shiga jirginsu mu fita, ba mu san sunan kowa ba, su ma ba sa kawo mana labari. Shekaranjiya na je liƙa takarda a wurin. Wata tsohuwa mai fito, Hen, ta ce in karanta mata, ita ba ta yi ajin kowa ba. Na karanta. Ta ajiye sandar tuƙi ta ƙare mini kallo daga sama har ƙasa.

Ta ce, "Kai ne Kwaɗon? Na zaci za ka fi haka tsalle."

Ta same shi washegarin sadaka, kwance a gindin jinga yana rawar sanyi. Na tambaye ta ba ta ji tsoro ba, a watan masu yawo? Ta ce, "Tsoho, ni ina da ƙofar da zan rufe ne? Na ce masa kai ɗan wa, yaya sunanka, ya faɗa, na ja shi cikin rumfa." Kwana goma yana jirginta. Ta ba shi ruwan shinkafa da romon ƙananan kifi, yana karɓa cokali biyu uku. Ta ce za ta hau tudu ta kira ni, ya hana. Ya ce ya ga reshen ƙaya a ƙofar kawunsa, akwai jariri, bai kamata mai ciwo ya shiga ba, zai koma idan wata ya fita. Ya roƙe ta ta wanke masa rigarsa don ranar. Ta wanke. Tana nan a ninke, ta ba ni.

Na ce mata bai yi fushi da ni ba? Ta ce ya ce Kawu bai ji shi ba ne, kunnen tsofaffi. Gishirin kuma iska ce ta kwaso.

Yanzu amsar tambayarki. Na daɗe da saninta, tun ranar da wasiƙarki ta farko ta zo, na kasa rubutawa. Bai sha ba, Gam. Ya zo hannu wofi, ba turare, ba ayaba ko ɗaya, kuma ba a zuwa wajen kaka haka. Hen ta ce ya gaya mata yana murmushi, "Na kai wa Kaka abinci. Kawu ne ya dafa." Shi ne ganyen da na gani a kan kabari, da karan shinkafa uku. Shi ne na shure cikin magudana.

Shekara ashirin ina ba yara labarin Mai Ƙofa Tara. Kullum a jikin matar nake ganin kaina, saboda ni da ke mun bi ƙofofi. Ban taɓa ƙirga tawa ƙofar a cikin taran ba. Ita ce ta tara, ta masu kirki, masu dama kunu da hannunsu.

Mutanen kwalekwale sun binne shi a gindin jinga, inda suke sa nasu. A takardar hukuma an rubuta "wani baƙo". Hen ba ta iya rubutu, sai take faɗin sunansa kowace safiya idan ta kwance jirgi, don kada ya ɓace mata kafin wani ya zo. Na cire allon gadona na rubuta sunansa da naki da na ƙauyenmu da fenti, na sake bi sau uku. Dinh ya riƙe mini allon, bai ce komai game da kaza ba. Sai an yi shekara uku za a iya tono ƙasusuwansa a wanke a kai shi kusa da Inna. Shekarata sittin. Ina roƙon uku.

Dattawan unguwa sun ce wanda ya mutu a hanya ba a shigar da shi gida, kunu a waje shi ne rabonsa. Nhai ce ta ba su amsa, ba ni ba. Ta fita da jariri a hannu ta cire reshen ƙayar ta jefa a wuta, ta ɗauki rigar Luu ta ɗora a teburin kakanni. Tana kuka tana cewa ita ce ta ce kada in juya. Na ce mata wuyan nawa ne. Ba mu da hotonsa sai na yana ɗan shekara biyar. Idan za ki iya rabuwa da ɗaya, ki aiko. Idan ba ki so ya zauna a gidan nan, na fahimta.

Ɓera ya fara dariya jiya, ya kama gemuna ya yi ta yi. Gam, daɗi ya kama ni, ban iya hana shi ba. Na miƙa shi ga uwarsa na zagaya bayan ɗakin ɓauna na tsaya har ya wuce.

Yayanki,
Thoan

*

Gonar shayi, 20 ga watan sha ɗaya

Yaya Kwaɗo,

Ina gaishe ku. Ƙafa da sauƙi. Sanyi ya sauko. Wasiƙunka biyu sun zo tare tun watan jiya, na kasa ɗaukar alƙalami sai yau.

Ban yafe maka ba tukuna. Kaina ma ban yafe wa ba, ka bi layi. Amma na daina tunanin ka san shi ka juya baya, wannan na ajiye shi.

Ga hotonsa na ranar da ya shiga soja, shi kaɗai gare ni. Ka sa shi kusa da na Inna, can ciki, ba ta wajen ƙofa ba. Idan za ku ajiye masa abinci ku zuba a kwano. Ga shayi ƙulli biyu, ɗaya na Hen ne. Ka kai mata da kanka, ka zauna a jirginta ka sha, ka ce mata uwar Luu za ta zo bayan sabuwar shekara ta durƙusa mata. Ka gaya wa Nhai ta daina kuka, nono zai ƙafe. Ni ma da jariri a ƙirji da haka zan ce.

Ga hular. Na so in warware ta sau biyu, amma zaren ya bi ta hannunsa, na kasa. Wataƙila ta yi wa yaron kaɗan yanzu, tun da ka ce gashinsa cunkus ne. Ku gwada.

Sai abu ɗaya. Ka ce za ka rubuto sunan yaron na gaskiya idan wata ya fita. Wata huɗu sun fita, wasiƙa biyu ka ƙara rubutowa, ba ka faɗa ba. Na san dalili, kunyata kake ji. Daina. Saboda shi aka rufe ƙofar nan, shi kuwa bai san komai ba, kuma ina so in so shi. Ba zan iya da Ɓera ba.

Yaya sunansa?

Ƙanwarka,
Gam